Kurket: abin da ya haɗa magoya bayan Ingila da ƙungiyarsu kan salon "a daka kawai"



Duk wanda ya taɓa zama gindin rediyo lokacin gasar takobi ya san wata gardama da ba ta ƙarewa. Ɗan kokowa ya shiga fili da zafinsa, ya kai cafka tun kafin a ƙifta ido, aka yi masa kaye, sai fada ta ɗauka: wai gaggawar me yake yi? Wani kuma ya shiga ya riƙe hannu, ya duƙa, minti ya bi minti bai kai komai ba, sai a ce ya zo ɓata wa mutane lokaci. To irin wannan gardamar ce ta raba kan masu sha'awar wasanni a Ingila tun shekarar 2022, sai dai su a kan kurket suke yin ta.

Mun san ba a buga kurket a filayenmu. Amma matasanmu na cin karo da shi a waya da talabijin, kuma ƴan uwanmu da suka yi ci-rani a ƙasashen Larabawa sun ga yadda ma'aikata ƴan Indiya da Pakistan ke kafa turaku a kowane fegi ranar hutu. Shi ya sa muka tattaro muku bayanin wasan, da salon da ake kira Bazbol, da dalilin da ya sa waɗanda suka fara yi masa tafi daga baya suka koma suka.

Yadda ake buga kurket

Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar babban fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon mita 20 da ɗan ɗori, an daddaɓe shi ya yi tauri. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku na katako. Ƙungiya ɗaya ke jifa, ɗaya ke duka. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurga ƙwallo mai tauri, ta daki ƙasa ta taso, burinsa ta rushe turakun. Mai duka na tsaye gabansu da faffaɗan katako a hannu, aikinsa ya kare su, ya kuma samo maki.

Idan ya daki ƙwallo, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen suka yi musayar wuri da gudu, maki ɗaya kenan. Idan ƙwallon ta gangara har ta kai iyakar fili, maki 4. Idan ta tashi sama ta tsallake iyaka ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Jifa shida a jere daga mutum ɗaya shi ne za mu kira zubi ɗaya a wannan bayani.

Ga inda haɗarin yake. Mai duka rai ɗaya gare shi. In ƙwallo ta rushe turakunsa, ko wani ya cafe ta a sama bayan ya daka, ko ya tare ta da ƙafa alhali turaku ta nufa, to ya fita, ba zai sake duka ba a wannan turmin. Da zarar an fitar da mutum 10, turmi ya ƙare, sai masu jifa su karɓi duka.

Turawan Ingila ne suka yaɗa wasan a ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka, shi ya sa ya kama a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu, bai kama a wajenmu ba, inda Faransa ta yi mulki. Maƙwabtanmu na Najeriya sun san shi tun da daɗewa: yana cikin wasannin da ɗaliban Kwalejin Katsina suka riƙa bugawa a zamanin Turawa. A 2020 samarin Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu, a watan Janairun 2025 kuma ƴan matansu na wannan rukuni suka doke Niyu Zilan da maki 2 a ƙasar Malesiya.

Wasan Tes, mai cin kwana biyar

Kurket iri-iri ne. Akwai gajere na zubi 20 ga kowace ƙungiya, wanda ake gamawa cikin awa uku zuwa huɗu. An fara shi a Ingila a 2003, kuma shi ne ya kawo maƙudan kuɗi, musamman bayan da Indiya ta kafa gasarta ta IPL a 2008. Akwai na yini guda, mai zubi 50. Sannan akwai uban su duka, wanda ake kira Tes, ma'ana jarrabawa.

An buga Tes na farko a birnin Melbon a 1877, tsakanin Ostareliya da Ingila. A yau ƙasashe 12 ne kawai ke da damar buga shi. Ana ware masa kwana biyar, kowace rana kamar awa shida, da zubi 90. Kowace ƙungiya na da turmi biyu. Don ka ci wasa, dole makinka ya fi na abokin karawarka, kuma a kammala turamen kafin lokaci ya cika. In kwana biyar suka ƙare ba a kammala ba, an yi canjaras, ko da kuwa wani ya fi wani maki nesa ba kusa ba.

Wannan doka ce ta sa haƙuri ya zama jarin mai duka. A al'adar wasan, gwani shi ne wanda zai ƙyale ƙwallon da ba ta nufi turakunsa ba ta wuce, ya tare mai haɗari a hankali, ya jira wadda ta zo masa a sauƙaƙe. Yana yin haka masu jifa na gajiya, ƙwallo na tsufa tana rage kaifi. Mutum na iya wuni cur a fili. Shekara da shekaru, ƙungiya kan samu maki uku ko kusa da haka a kowane zubi, kuma ba wanda ke ganin laifinta.

Halin da Ingila ta shiga kafin 2022

Kafin mu zo kan suka, ya kamata a san ramin da aka fito daga ciki. Zuwa watan Maris na 2022, Ingila ta buga Tes 17 a jere, ɗaya tak ta ci. Ta je Ostareliya an lallasa ta 4 da nema, ta je tsibiran Karibiyan ta sake faɗuwa. Kyaftin ɗinta Joe Root, wanda shi ne gwaninsu wajen duka, ya ajiye muƙamin a watan Afrilu.

Hukumar kurket ta ƙasar ta ɗauko Rob Key ya zama daraktan ƙungiyar maza. Shi kuma ya naɗa Ben Stokes kyaftin, sannan a watan Mayu ya kawo Brendon McCullum, tsohon kyaftin ɗin Niyu Zilan, a matsayin mai horaswa. McCullum mutum ne da aka sani da zafin duka. A wasansa na ƙarshe, cikin Fabrairun 2016, ya tara maki 100 da jifa 54 kacal, abin da ba a taɓa yi da sauri haka ba a tarihin Tes. Laƙabinsa Baz. Wani ɗan jarida mai suna Andrew Miller ne ya haɗa laƙabin da kalmar ƙwallo ta Ingilishi, sunan Bazbol ya fito. McCullum da kansa ya nuna ba ya son sunan, amma ya bi shi, har ya shiga ƙamus ɗin Collins a 2023.

Me salon ya ƙunsa?

Na farko, a cire wa ɗan wasa tsoron faɗuwa. Wanda aka fitar yana ƙoƙarin kai hari ba za a yi masa faɗa ba, ba kuma za a yi saurin cire shi daga ƙungiya ba. Na biyu, a riƙa tara maki da sauri don a ruɗa masu jifa, su rasa inda za su tsayar da mutanensu. Ingila ta koma samun sama da maki huɗu a zubi, wani lokaci biyar ko shida. Na uku, a guji canjaras: gara a nemi ci ko da za a faɗi. Shi ya sa Stokes kan rufe turminsu da kansa tun ba a fitar da kowa da kowa ba, don a samu lokacin fitar da abokan karawa. Na huɗu, in za a yi zaɓi, sun fi son su bar ɗaya ɓangaren ya sa musu adadi, su kuma su bi shi a turmin ƙarshe, wanda a da shi ne abin da kowa ke gudu.

Stokes da McCullum sun kuma riƙa cewa suna son mutane su ji daɗin kallo, domin Tes na fama da gajeren wasa wajen jan ƴan kallo da ƴan wasa.

Shekarar da kowa ya yi tafi

Abin ya fara kamar almara. A watan Yunin 2022 sun doke Niyu Zilan sau uku a jere, kowane karo ta hanyar bin adadi: 277, sai 299, sai 296. A na biyun, Jonny Bairstow ya zuba maki 136 da jifa 92. Farkon Yuli suka bi maki 378 a kan Indiya a birnin Bamingam, adadi mafi yawa da Ingila ta taɓa bi ta ci. Suka doke Afirka ta Kudu 2 da 1.

A watan Disamba suka je Pakistan. Ranar farko ta wasan Rawalpindi suka tara maki 506 cikin zubi 75, mutum huɗu kowa ya haura 100. Ba a taɓa tara maki haka a ranar farko ta Tes ba. Suka cinye wasa ukun duka, karo na farko da aka yi wa Pakistan haka a gidanta. Kafin tsakiyar 2023, sun ci 11 cikin 13. Ƙungiyar da ta ci ɗaya cikin 17 ce fa.

Ko faɗuwarsu ma a lokacin burge mutane take yi. A Wellington, cikin Fabrairun 2023, sun tilasta wa Niyu Zilan sake shiga duka nan take saboda ratar da suka ba ta, amma daga ƙarshe suka faɗi da maki ɗaya tak. Karo na biyu kenan a tarihi da aka ci Tes da maki ɗaya. Ƴan kaɗan ne suka yi gunaguni.

Inda gunaguni ya fara

Babbar karawa a wajen Bature ɗan Ingila ita ce Gasar Toka, wadda suke yi da Ostareliya. Sunan ya samo asali ne a 1882, lokacin da Ostareliya ta doke su a Landan, wata jarida ta yi zolaya cewa kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Wasa biyar ake yi, kuma wanda ke riƙe da kambun ba ya rasa shi sai an doke shi.

A wasan farko na 2023, ranar 16 ga Yuni a Bamingam, Ingila na da maki 393, saura mutum biyu a fitar, Root na tsaye da 118 yana cikin ganiyarsa. Sai Stokes ya rufe turmi tun ranar farko, don ya samu ɗan lokacin jifa kafin a tashi. Ba su fitar da kowa ba a wannan yammacin. Ranar ƙarshe Ostareliya ta ci da ƙyar, saura mutum biyu a gama da ita. Nan take magoya baya suka fara lissafi: da an bar Root ya ƙara ko da 30 ne, da yaya?

A wasa na biyu a filin Lord's, suna da 188, mutum ɗaya kawai aka fitar, ga kuma gwanin Ostareliya Nathan Lyon ya ji ciwo a ƙafa ya fita. Ostareliya ta koma jifa mai tasowa saitin kai, ta jera mutane a bakin iyaka suna jiran cafka. Tarko ne a fili, kowa na gani. Masu dukan Ingila suka riƙa ɗaga ƙwallo sama ɗaya bayan ɗaya, aka gama da su a 325, suka faɗi wasan da maki 43. Daga baya sun farfaɗo, suka ci biyu, ruwan sama ya hana su ɗaya a Mancesta, aka tashi 2 da 2. Kambun dai ya zauna hannun Ostareliya.

A farkon 2024 suka je Indiya, suka ci wasan farko a Hyderabad da maki 28, sannan suka faɗi huɗu a jere. Abin da aka fi tunawa shi ne safiyar rana ta uku a Rajkot. Suna da 224, mutum biyu aka fitar, kuma gwanin Indiya Ravichandran Ashwin ya tafi gida saboda lalurar iyali. Root ya gwada wani duka na juya katako a cilla ƙwallo ta baya, a kan Jasprit Bumrah, aka cafe shi yana da 18. Daga nan ƙungiyar ta zube a 319, ta faɗi wasan da maki 434. A wasa na gaba a Ranchi, Root ya koma irin dukansa na da, a natse, ya tara 122 ba a fitar da shi ba. Masu suka suka ce to kun gani.

A watan Oktoban 2024 sun tara 823 a Multan ta Pakistan, Harry Brook shi kaɗai 317, Root 262. Sai Pakistan ta sauya dabara, ta shirya fili busasshe da ƙwallo ke murɗewa a kai, ta kawo Noman Ali da Sajid Khan. Cikin fitarwa 40 da aka yi wa Ingila a wasa biyun da suka rage, su biyun suka yi 39. Pakistan ta ci 2 da 1. A 2025 kuma, a wasan ƙarshe da Indiya a filin Oval na Landan, Ingila na bin 374, ta kai 301 da mutum uku kawai a waje. Brook, mai 111, ya kai wani harin aka cafe shi, aka bi sauran, suka faɗi da maki 6. Aka sake tashi 2 da 2.

Tafiyar Ostareliya ta 2025 zuwa 2026

Shugabannin ƙungiyar sun daɗe suna nuna cewa wannan tafiya suke shiryawa. Amma wasan share fage ɗaya kawai suka yi, shi ma da ƙungiyarsu ta biyu. Tsofaffin ƴan wasa irin su Ian Botham sun yi kashedi cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Stokes ya mayar musu da martani da kalmar da ke nuna zamaninsu ya wuce, daga baya ya yarda bai kyauta ba.

Wasan farko a Perth, wanda aka ware wa kwana biyar, kwana biyu ya yi: 21 da 22 ga Nuwamba. Ingila ta tara 172 da 164, turmi biyun a haɗe ba su kai zubi 70 ba. A rana ta biyu ita ke gaba, ta ba da ratar sama da 100 da mutum ɗaya kawai a waje, sai masu dukanta suka riƙa kai wa ƙwallon da ya kamata su ƙyale. Abin da ya ƙara wa magoya baya takaici, ɗan Ostareliya Travis Head ya shigo ya yi musu irin nasu, maki 123 da jifa 83, ya gama wasan. Rabon da a gama wasan Gasar Toka cikin kwana biyu tun 1921.

Suka faɗi a Brisbane, inda McCullum ya ce a ganinsa atisaye ne ma ya yi musu yawa, maganar da ta harzuƙa mutane, musamman da ƙungiyar ta wuce hutu bakin teku a Noosa. Suka faɗi a Adelaide da maki 82. Cikin kwana 11 na wasa, zancen kambu ya ƙare. Sun ci na Melbon, shi ma cikin kwana biyu, nasararsu ta farko a ƙasar tun Janairun 2011, bayan wasa 18 ba ci. Suka faɗi na Sidni, aka tashi 4 da 1.

Abin da masu suka ke cewa

In aka tace maganganun da suka cika jaridu da rediyoyin Ingila da shafukan sada zumunta, za a ga ƙorafi huɗu ne ke maimaituwa.

Na ɗaya, rashin karanta yanayi. Mafi yawan masu suka ba su ce a koma tafiyar kunkuru ba. Abin da suke cewa shi ne in kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Filin Perth mai tsalle daban ne da na Rawalpindi mai laushi, haka safiyar da ƙwallo ke sabuwa daban ce da yammacin da masu jifa suka gaji. Geoffrey Boycott, wanda ya buga wa Ingila Tes 108 kuma aka san shi da dukan haƙuri, ya daɗe yana rubuta wannan. Michael Vaughan, kyaftin ɗin da ya ci Gasar Toka a 2005, shi ma ya sha faɗin haka.

Na biyu, sakamako. A manyan karawa huɗu masu wasa biyar-biyar da suka yi da Ostareliya da Indiya daga 2023 zuwa Janairun 2026, ba su ci ko ɗaya ba: biyu kunnen doki, biyu kuma 4 da 1. An yi wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya sau uku, a 2021 da 2023 da 2025, duka a ƙasar Ingila, amma ita ba ta taɓa kaiwa ba. A 2023 ma an zabtare mata maki 19 na gasar saboda jan ƙafa wajen kammala zubi a kan lokaci.

Na uku, baki. Mutane sun ƙosa da jin ƴan wasa na magana kamar su suka ceto kurket. A Rajkot, bayan ɗan Indiya Yashasvi Jaiswal ya yi musu ruwan maki, Ben Duckett ya nuna cewa Ingila ta cancanci yabo don ita ta sa wasu ke buga irin wannan. Aka yi masa ca.

Na huɗu, aljihu. Dubban magoya baya ne ke bin ƙungiyar ƙetare, ciki har da rukunin da ake kira Barmy Army, wanda ya samo asali a tafiyar Ostareliya ta 1994 zuwa 1995. Mutum ya yi tanadi, ya ɗauki hutun aiki, ya keta duniya don kallon kwana biyar, sai a sallame shi a rana ta biyu. Wannan ba zai ji zancen nishaɗi da kunnen daɗi ba.

Abin da masu kare salon ke cewa

Su ma suna da hujja. Suna tuna wa mutane ɗaya cikin 17, da cewa Ingila ta je Ostareliya a 2013 da 2017 da 2021 da tsohon salo, ba ta ci ko wasa ɗaya ba cikin 15. Suna cewa ba za ka yi murnar 378 da 506 ba, sannan ka zagi hanyar da ta kawo su ranar da ta ƙi. A Yunin 2025 ma sun bi 371 a kan Indiya a birnin Lids suka ci. Suna kuma nuna cewa canjaras ya kusa ɓacewa: daga Yunin 2022 zuwa Janairun 2026 sau biyu kawai Ingila ta yi shi, duka a Mancesta. Wasu na ƙarawa da cewa matsalar ba ta salo kaɗai ba ce, Ostareliya da Indiya sun fi su ƙwararrun masu jifa, kuma cafkar da Ingila ta riƙa zubarwa ba ruwanta da Bazbol.

Mu da wannan gardama

Mai sauraro zai ga kamar labarin nesa ne, amma ku dubi kokowarmu. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, tsarin bai bar wa kowa wurin kuskure ba. Jihohi takwas, kowace da mutum 10, ƴan kokowa 80 kenan, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya yi sallama da takobin wannan shekara. Daidai yake da mai duka da ransa ɗaya. A gefe guda kuma alƙalai na ba da gargaɗi ga wanda ya ƙi kama kokowa, domin jama'ar da suka cika filin Langa-Langa na Damagaram ba riƙon hannu suka zo kallo ba. Kenan ɗan kokowa na tsakanin wuta biyu: in ya yi gaggawa ya faɗi, in ya noƙe a hukunta shi. Isaka Isaka na Doso bai ɗauki takobi har sau shida da ƙarfi kaɗai ba. Duk wanda ya daɗe a wannan fage sai ya san lokacin jira da lokacin shiga.

Manomin Damargu ma ya san wannan lissafi, kuma nasa ya fi na kowa tsada. Mai binne yana zuba irinsa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwan farko ya zo da ƙarfi kuma na biyu bai yi nisa ba, geronsa ya riga na kowa. In yayyafi ne ya tsirar da shi sannan rana ta buɗe, iri ya tafi. Wanda ya tsaya jiran tabbas kuma, damina gajera ce a nan, tana iya ɗaukewa gero bai nuna ba. Ba wanda zai ce binne hauka ne, ba kuma wanda zai ce kowace shekara da kowace gona ta binne ce. Dattawa kan dubi iska da hadari da yawan irin da ya rage a rumbu kafin su yanke.

A ganinmu, nan ne masu sukar Ingila suka fi gaskiya. Ƙarfin halin da Stokes da McCullum suka kawo ya fitar da ƙungiyar daga rami, alƙaluma sun nuna. Amma a Lord's da Rajkot da Oval da Perth, Ingila ce ke gaba ko take da dama a hannu lokacin da ta kai harin da ya kayar da ita. Awa ɗaya ta haƙuri a kowane ɗayansu na iya sauya labarin. Wanda ke baya yana da uzurin yin kasada. Magoya baya na tambaya ne me ya sa wanda ke gaba zai yi ta.

Za a ga kurket a gasar Olamfik ta 2028 a birnin Los Angeles na Amurka, amma gajeren ne mai zubi 20. Gasar Toka ta gaba kuma a Ingila za a yi ta, a 2027.

Ku kuma fa, masu saurare? A kokowa, wa kuka fi so ya wakilci jihar Damagaram: mai shiga da zafi ko mai jira? Ku tattauna a fada da majalisa, ku aiko mana da ra'ayinku ta shirinmu na wasanni. Mu kwana nan.